Ko lissafi kaɗai zai iya hango makomar tattalin arziki?

A watan Nuwamban 2021, Babban Bankin Ingila ya yi hasashen cewa hauhawar farashin kayayyaki a Birtaniya ba za ta wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari ba.

To sai dai zuwa watan Oktoban 2022 ta kai kashi 11.1, lamarin da ya farfaɗo da muhawara kan yadda masana tattalin arziki ke dogaro da lissafi.

Bankin yana amfani ne da wani tsari na kwamfuta da ke fassara halayyar masu saye da kamfanoni zuwa alkaluma, domin hasashen inda farashi ya dosa.

Wannan hanya ta samu gindin zama ne bayan littafin da Ba'amurken nan Paul Samuelson ya wallafa a 1947. Magoya bayanta na cewa lissafi yana tilasta wa masani ya fayyace hujjarsa, ta yadda kowa zai iya bincikarta.

Matsalar ita ce kowane tsari kan ginu ne bisa zato. Kafin rikicin kuɗi na 2008, yawancin tsare-tsaren manyan bankuna ba su tanadi durƙushewar bankunan kasuwanci ba. A shekarar ce Sarauniya Elizabeth ta tambayi masana a London dalilin da ya sa babu wanda ya hango rikicin.

A watan Afrilun 2024, tsohon shugaban Babban Bankin Amurka, Ben Bernanke, ya miƙa rahoton binciken da Bankin Ingila ya sa shi yi. Ya gano cewa manhajojin bankin sun tsufa, ya kuma ba da shawarar a sauya babban tsarin hasashen ko a yi masa garambawul.

Sai dai ya nuna cewa sauran manyan bankuna ma sun yi irin wannan kuskure, saboda annobar korona da yaƙin Ukraine.

Batun ya wuce zauren jami'a. Bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023, abin da ya ƙara wa masu bashin gida nauyi, yayin da masu suka ke cewa ya makara.

Mista Bernanke bai nemi a yi watsi da lissafi ba. Shawararsa ita ce a riƙa nuna wa jama'a yanayi daban-daban da ka iya aukuwa, maimakon jingina da hasashe guda.