Labarin wasu ƙasashe: Malamai biyu, yara huɗu da Mai Wari

Labarin wannan wata daga Amurka ya fito. Labari ne na ƴan lakwal masu ƙera robo, da na manyan da ke tsayawa bayansu.

Mene ne robo? Na'ura ce. Wasu na ce mata mutum-mutumi, amma ba dole ta yi kama da mutum ba. Tana da inji, da batir, da wayoyin lantarki, da ɗan ƙaramin kwamfuta wanda shi ne kamar ƙwaƙwalwarta. Ana ba ta umurni, ta tafi, ta ɗauki abu, ta aje. Ba ta da rai, kuma ba tsafi a ciki. Wanda ya taɓa kwance injin ban ruwa ko injin niƙa ya mayar, ya san rabin zancen.

A Amurka ƴan lise, wato samari da ƴan mata masu shekara 14 zuwa 18, suna gasar ƙera robo. Babbar ƙungiyar da ke shirya gasar sunanta FIRST. Wani mai ƙirƙirar na'urori, Dean Kamen, ya kafa ta a 1989. An yi gasa ta farko a 1992 a garin Mancesta na jihar Niyu Hamsha, cikin ɗakin wasanni na wata lise. Ƙungiyoyi 28 suka zo. Yanzu sun haura 3000, har da na wasu ƙasashe.

Kowace shekara cikin watan Janairu ake faɗa wa yara aikin da robo ɗinsu za ta yi. Makonni kaɗan gare su. To, yaro mai shekara 15 ina ya san walda? Ina ya san lissafin ƙarfin inji? Nan manya ke shigowa. Akwai mushen lakwal mai buɗe ɗakin aiki bayan an tashi. Akwai injiniya wanda in ya taso daga wurin aikinsa da marece, sai ya biyo ta lakwal maimakon ya wuce gida. Akwai mai walda da makanike. Akwai uwa mai dafa abinci, da uba mai ɗaukar yara a motarsa, da mai riƙe littafin kuɗi. Ranar gasa ma, alƙalai da masu duba na'ura aikin sa kai suke yi. Yawancin waɗannan mutane ba a biyan su ko dala. Kuma ba kowa ake danƙa wa yara ba: jagororin ƙungiya sai an binciki halinsu tukuna.

Amfanin irin waɗannan manya ya fito fili a wani gari mai suna Finiks.

Finiks yana jihar Arizona. Hamada ce. Da bazara zafi yakan wuce awo 45, ruwan sama kuwa kaɗan ne. A unguwar talakawa akwai wata lise mai suna Carl Hayden. Yawancin ɗalibanta ɗiyan ƴan ci-rani ne daga ƙasar Meziko. Malamai biyu na wannan lakwal suka buɗe ƙungiyar robo: Allan Cameron mai koyar da kwamfuta, da Fredi Lajvardi mai koyar da ilimin teku.

A 2004 suka ji labarin wata gasa, daban da ta FIRST. Wannan ta robo ce mai aiki ƙarƙashin ruwa, hukumar sararin samaniya ta NASA da sojan ruwa na Amurka suna cikin masu tallafa mata. Gasar rukuni biyu ce: na ƙanana inda ƴan lise ke shiga, da na manya inda ƴan jami'a suke. Malaman suka duba, suka ga ko ina suka shiga yaransu faɗuwa za su yi. In haka ne, gara babba ya kayar da kai. Sai suka rubuta su a rukunin manya. Cikin abokan karawar har da MIT, makarantar injiniyoyi wadda duk duniya ta san da ita.

Yara huɗu suka ɗauki aikin. Dukansu a Meziko aka haife su, aka shigo da su Amurka suna ƙanana, akasarinsu ba su da takardun zama. Ɗaya gwanin lissafi ne. Ɗaya ya saba da gyaran mota. Ɗaya ya iya jagorancin mutane da magana. Na huɗun ƙato ne, shi ke iya ɗaga na'urar, don ta kai kilo 45.

Malaman ba su da kuɗin ba su. Yaran suka bi ƴan kasuwar gari suna neman gudummawa, suka tara wajen dalar Amurka 800. A canjin wancan lokaci kamar jikka 430 ke nan na sefa. Ƴan MIT su 12 ne, kuma kamfanin man fetur ExxonMobil yana cikin masu ba su kuɗi, kuɗinsu ya ninka na yaran sau da yawa.

Ga inda aikin malaman yake. Ba su zana wa yaran na'ura ba. Ba su karɓe guduma daga hannunsu ba. In yaro ya zo da tambayar da ta fi ƙarfinsa, sai su ce ya ɗauki talho ya kira masu sanin abin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan ci-rani mai jin kunyar Ingilishinsa. Amma suka kira. Cikin aikin gasar akwai auna sanyin ruwa a ƙasan tafki. Wani injiniya a kamfanin kayan awo ya saurare su, ya yi musu bayani: in aka haɗa bakin ƙarfe iri biyu, zafi ko sanyi yana sa ƴar wutar lantarki ta gudana, da ita ake gane awon. Bayan bayanin ya aiko musu da abin awon kyauta. Bai taɓa ganin su ba. Wani wurin koyar da nutso kuma ya ba su aron tafkinsa don gwaji. A hamada, wannan babbar kyauta ce.

Da tuyo na roba suka yi jikin na'urar, irin wanda ake jan ruwan famfo da shi. Yana da arha, ana iya bi da waya ta cikinsa, kuma iskar da ke ciki tana hana shi nutsewa. Gwanin lissafin ya auna iskar, ya ga na'urar za ta yi ta yawo bisa ruwa in ba a sa mata nauyi ba. Sai ya kawo shawara a sa batir ɗin a jikinta, cikin akwati da ruwa ba ya shiga. Sauran ƙungiyoyi a bakin tafki suke barin batir, su ja wuta da waya mai kauri. Batir ya zama nauyi, waya ta zama siririya, na'ura ta samu saukin juyawa. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu. Don ɗebo ruwa daga cikin wata ganga a ƙasan tafki, suka haɗa ƙaramin famfo da balan-balan. Gam ɗin da suka manne tuyo da shi ya cika ɗakin da ɗoyi, shi ya sa suka raɗa mata suna Stinky, wato Mai Wari.

Watan Yuni na 2004 malaman suka kai su garin Santa Barbara a jihar Kaliforniya, tafiyar yini guda a mota. Ana gobe gasa suka sa Mai Wari a ruwa, sai ta ƙi jin umurni. Akwatin ya yi yoyo. Lokacin gyara shi babu. Ana bukatar abu ƙarami mai shan ruwa da yawa. Shawara ta tsaya a kan audugar da mata ke amfani da ita lokacin al'ada. Aka tura makaniken kanti. Saurayi ne, kunya kamar ta kashe shi, amma ya daure ya tambayi wata mata, ta nuna masa wadda ta fi shan ruwa. Daren nan biyu daga cikin yaran ba su yi barcin kirki ba, suna sake liƙa wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

A cikin tafki ƴan MIT sun fi su maki. Amma gasar ba nutso kaɗai ba ce. Akwai rubutaccen bayani, akwai kuma tsayawa gaban alƙalai, injiniyoyi ƙwararru, su yi ta tambaya: wannan don me? wancan yaya yake aiki? A wannan wuri malami ba ya iya amsa wa yaro. Wanda aka yi wa aiki, nan asirinsa ke tonuwa. Yaran Finiks suka amsa, domin kowane ƙusa su suka ɗaura shi. Da aka haɗa maki, Carl Hayden ta zo ta ɗaya, MIT ta biyu. Suka haɗa da kyautar tsarin na'ura da ta rubutun bayani, su da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne.

Har yau masu wannan harka suna gardama a kan iyakar hannun manya. Dokar FIRST ba ta hana babba taɓa na'ura ba. Masu ƙungiyar sun ce yaro yana koyo in ya tsaya kusa da gwani yana aiki, kamar ɗan maƙeri a bakin zuga-zugi. Gaskiya ne. Sai dai ɗan maƙeri ba ya dawwama a zuga-zugi, wata rana ana miƙa masa masaba. Akwai ƙungiyoyin da ake ƙorafin cewa injiniyoyin kamfani ne ke ƙera musu komai, yara kuwa kallo da tuƙi kawai. Irin wannan robo tana iya cin kofi, amma kofin na manya ne. Hanyar malaman Finiks ta fi wuya. Babba ya san amsa, yana ganin yaro zai ɓata tuyo, ya haɗiye maganarsa ya yi tambaya kawai. Ba kowa ke da wannan haƙuri ba.

To, bayan nasara fa? Nan labarin ya yi nauyi. Kofi ba takardar zama ba ne. A 2005 mujallar Wired ta buga labarinsu, masu karatu suka aiko da kuɗi don karatun yaran. Amma a 2006 mutanen Arizona suka jefa ƙuri'a a kan wata doka, wadda ta sa ɗalibi marar takardu ya biya kuɗin jami'a irin na baƙo, ninkin-ba-ninkin na ɗan jiha. Gwanin lissafin ya fara jami'a, kuɗi suka gagara, ya bari. Makaniken ya koyi girki. Jagoransu shi ya kammala a 2009, ya zama injiniya, amma ba shi da izinin aiki. Ya bar matarsa da ɗiyarsa ya koma Meziko don ya nemi takardu ta hanyar doka. Aka ƙi ba shi. Sai da wani ɗan majalisar dattawa, Dick Durbin, ya sa baki, sannan ya dawo a 2010. Ya shiga soja, aka tura shi Afganistan. Sai a 2022 Arizona ta sake ƙuri'a, ta mayar wa irin waɗannan ɗalibai kuɗin ɗan jiha.

Malaman kuwa suka ci gaba da buɗe ɗakin aiki ga sabbin yara, maza da mata. A 2008 ƙungiyar Carl Hayden ta samu kyauta mafi girma ta FIRST, wadda ba don ƙarfin na'ura ake ba da ita ba, sai don yadda ƙungiya ta jawo wasu cikin harkar. FIRST tana da wata kyauta kuma ta manya masu jagorancin yara. Tun 1996 ake ba da ita, da sunan Woodie Flowers, shehun malami a MIT wanda ya taimaki Dean Kamen tsara gasar, ya rasu a 2019. Babba ba ya neman ta da kansa. Ɗalibai ne ke rubuta takarda su faɗi abin da ya yi musu. A 2013 Fredi Lajvardi aka ba.