Kujerar da aka hana Adeel Mangi, ku zo ku ga wanda ya hau ta

Wannan rubutun naku ne, ku da kuka hana ni sakat a nan lokacin zaɓen Amurka, kuna cewa wai jam'iyyar Democrat ita ce gatan Musulmi a ƙasar. Na yi shiru a lokacin don ba na son musu da baki. Yanzu ga magana da lissafin ƙuri'u.

A ranar 29 ga Yulin 2025 Majalisar Dattawan Amurka ta tabbatar da Emil Bove a matsayin alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, shiyya ta uku, da ƙuri'a 50 da 49. Wannan kotun ita ke sauraron ƙararrakin da suka taso daga jihohin New Jersey da Pennsylvania da Delaware, kuma daga ita sai Kotun Ƙoli. Alƙalancin tarayya a Amurka ba shi da wa'adi. In ka hau, sai mutuwa, ko ka ajiye da kanka, ko majalisa ta tsige ka. To wannan kujerar da Bove ya hau, ita ce dai aka hana wani lauya Musulmi mai suna Adeel Mangi.

Ga waɗanda ba su bi labarin ba: Mangi haifaffen Karachi ne a Pakistan, ya yi karatun lauya a Oxford da Harvard, ya shafe sama da shekara 20 yana aiki a wani babban ofishin lauyoyi a New York. Shi ne ya tsaya wa Musulmin Bernards Township a New Jersey da hukumar garin ta hana su gina masallaci, har a 2017 garin ya yarda ya biya dala miliyan 3.25, aka kuma bar su su yi gininsu. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta ba shi shaidar cancanta mafi girma da take bayarwa. Biden ya aika sunansa majalisa a Nuwamban 2023. Da an tabbatar da shi, da shi ne Musulmi na farko a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a tarihin ƙasar.

Na kalli zaman tantance shi na Disamban 2023, kuma wallahi sai da na tsayar da bidiyon na sha ruwa. Mutum ya zo neman alƙalanci, maimakon a tambaye shi doka, sai Ted Cruz ya tsare shi kan ko ya yi tir da Hamas. Ya ce ya yi tir. Aka sake tambaya, ya sake yi. Josh Hawley ya ɗora da batun Isra'ila. John Kennedy ya jawo harin 11 ga Satumba, saboda wani taro da wata cibiya a jami'ar Rutgers ta shirya, alhali Mangi ɗan kwamitin ba da shawara ne kawai a wurin, ya kuma ce bai ma san da taron ba. Tsarin mulkinsu, a sashe na shida, ya haramta yi wa mutum gwajin addini kafin a ba shi muƙami. In wannan ba gwajin addini ba ne, to mene ne sunansa? Har manyan ƙungiyoyin Yahudawa irin su ADL sai da suka fito suka ce abin da ake yi masa bai dace ba.

Amma ni ba da Cruz nake ba. Kura ba ta taɓa ɓoye cewa nama take ci ba. 'Yan Republican ba su da rinjaye a lokacin, kujeru 49 gare su, ɓangaren Democrat na da 51. Ko da dukkansu sun ƙi shi, ba su isa su kayar da shi ba. Kwamitin shari'a ma ya wuce da sunansa 11 da 10 a Janairun 2024. Abin da ya rage kawai a kai shi zauren majalisa a kaɗa ƙuri'a.

Su wa suka kashe maganar? 'Yan gida. Catherine Cortez Masto da Jacky Rosen, dukansu daga Nevada, suka ce ba za su zaɓe shi ba, wai ƙungiyoyin 'yan sanda sun yi ƙorafi kan alaƙarsa da wata ƙungiya mai tallafa wa iyalan fursunoni. Joe Manchin kuma ya ce shi ba ya zaɓen wanda ba shi da goyon bayan ko da ɗan Republican ɗaya. Rosen tana da zaɓe a gabanta a shekarar, sai mu ce tsoron akwati ne. Manchin fa, da ya riga ya sanar ba zai sake tsayawa ba? Cortez Masto fa, da wa'adinta ke da sauran shekaru?

Daga nan aka bar mutumin a rataye kusan shekara guda, ana ta yaɗa tallace-tallacen ɓata masa suna, ba a kai shi zaure ba ko sau ɗaya. Bayan Trump ya ci zaɓe, a Nuwamban 2024, Chuck Schumer ya yi ciniki da 'yan Republican: a ajiye mutum huɗu da aka zaɓa wa kotunan ɗaukaka ƙara, har da Mangi, su kuma su daina jan ƙafa a kan alƙalan ƙananan kotuna. Da haka Biden ya kai alƙalai 235, ya ɗara Trump na zangon farko da guda ɗaya, aka yi ta tafi.

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa. Za ku ce ai Biden ne ya naɗa Zahid Quraishi a 2021, Musulmi na farko da majalisa ta tabbatar a kotun tarayya, da Nusrat Choudhury a 2023. Gaskiya ne, ban musa ba. Za ku ce Schumer ba shi da ƙuri'un, kai shi zaure kunya kawai za a sha. To a sha mana! A bar kowane sanata ya ɗaga hannu, sunansa ya shiga kundi. Abin da aka kare da ƙin kaɗa ƙuri'ar nan mutuncin sanatoci ne, Mangi kam an riga an gama da nasa a talabijin.

Yanzu ku dubi yadda ɗaya ɓangaren ke riƙe nasu. Bove lauyan Trump ne na ƙashin kansa a shari'ar New York. Da ya shiga Ma'aikatar Shari'a, shi ya ba da umarnin janye tuhumar cin hanci da ake yi wa magajin garin New York na lokacin, Eric Adams, har masu gabatar da ƙara da dama suka ajiye aiki maimakon su sa hannu. Wani tsohon lauyan ma'aikatar ya zarge shi da nuna cewa za a iya yin biris da umarnin kotu, shi kuma ya musanta. Duk da wannan tulin, mutum biyu kacal suka balle daga jam'iyyarsa, Susan Collins da Lisa Murkowski. Daga sanar da sunansa zuwa tabbatar da shi, wata biyu.

Mangi ya jira wata 13, ya rubuta wa Biden wasiƙa a Disamban 2024 yana cewa tsarin tantancewar ya lalace, ya koma aikinsa na lauya. Wanda ke da wata hujja ban da "ai Trump ya fi muni", ga fili nan, ina karantawa.