'Yar Mowa Ma Ta Bi Hanyar Bagaja

Duk wanda ya kwana a ɗakin kaka ya ji labarin 'yar bora da aka tura wankin ƙirgi a ruwan Bagaja. A hanya ta tarar da tsohuwa, ta gaishe ta da ladabi, ta cuɗa mata baya ba ƙyama. Aka ba ta ƙwai, ta fasa, dukiya ta fito. 'Yar mowa ta ga haka, ita ma ta kama hanya, ta dawo da masifa.

Turawa ma suna da irin wannan labari. A 1841 wani marubucin Ingila, John Ruskin, ya rubuta labarin ƙane da yayyensa biyu masu rowa, waɗanda suka kori baƙo cikin ruwan sama har kwarinsu mai albarka ya koma rairayi. Kowannensu ya hau dutse da gorar ruwa neman zinariya. Yayyen suka hana masu ƙishirwa, suka zama baƙaƙen duwatsu. Ƙanen ya shayar da tsoho da yaro, ragowar ya ba kare, kwarin ya sake tsiro.

Muna faɗa wa yara cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ne, amma akwai abin da muke tsallakewa. 'Yar bora ba ta san da ƙwai ba lokacin da ta sunkuya kan bayan tsohuwa. 'Yar mowa ce ta san da shi, don shi ta fito, shi ya sa hannunta ya ƙi taɓa bayan.

A fadamar Rima, daga Zauro zuwa Argungu, wannan jarrabawa tana dawowa kowane rani. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, ruwa ya ƙara daraja. Mai injin ban ruwa yana kallon gonar maƙwabci tana ƙonewa, yana lissafin kuɗin mai. Mai neman kujera kuwa ba ya tuna buhun shinkafa sai zaɓe ya gabato. Wannan ciniki ne, ko da an kira shi taimako.

Idan za ka auna alherinka, dubi wanda ba shi da ƙuri'ar ba ka, ba shi da buhun biyan ka bayan girbi. Juya masa tiyon awa ɗaya kafin ka kashe inji, kada ka tsaya tambayar ina ƙwan yake.