Likitan da Ya Kai Majinyatansa Gaban 'Yan Majalisa

A asibitin Tata Memorial da ke Mumbai, layin masu jiran likitan tiyatar kai da wuya ba ya yankewa. Mutum zai zo da gyambo a cikin kunci, ya yi watanni yana shafa masa magani, a duba a tarar daji ya riga ya ci muƙamuƙi. Sai a yanke ɓangaren ƙashin, wani lokaci har da rabin harshe, a ciro ƙashi daga ƙwaurinsa a gina masa sabuwar haɓa. Ko an yi sa'a, sai ya sake koyon haɗiya da magana.

Da yawansu gutka ce ta kawo su, garin taba da ake haɗawa da ƙwayar wani itace da ake kira supari da ƙamshi a 'yar leda, mai arhar da ɗan makaranta ma ke iya saya. Dakta Pankaj Chaturvedi, ɗaya daga cikin likitocin tiyatar asibitin, ya ga wuƙarsa kullum a makare take isowa. Sai ya fara tara waɗanda ya yi wa aiki, masu rabin fuska da masu numfashi ta rami a maƙogwaro, yana kai su gaban ministoci da 'yan majalisa su yi bayani da kansu. A 2011 hukumar abinci ta Indiya ta hana sa taba cikin duk abin da ake ci. A 2012 jihar Madhya Pradesh ta haramta gutka, Maharashtra ta biyo baya, sauran jihohi suka bi sahu. Masu kamfani kuwa ba su yi barci ba: suka raba kayan leda biyu, taba daban, supari daban, mai saye ya haɗa abinsa.

Shi ya sa abin da aka yi a jihar Kerala ya fi burge ni. Daga 1996 aka tura ma'aikatan lafiya gida-gida a yankin Trivandrum, ba likitoci ba, suna haska fitila cikin bakin mutane suna neman farin tabo ko ja, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2005 ya nuna mutuwa daga dajin baki ta ragu da kashi 34 cikin ɗari tsakanin masu taba ko barasa.

A Sudan an daɗe da danganta tumbak da wannan cuta, shi ma garin taba ne da kanwa ake cusawa a leɓe, kamar yadda dattawanmu ke yi. Mu kuma mun san aikin bin gida-gida tun zamanin rigakafin shan-inna. Ƙara wa ma'aikacin tocila da horon 'yan kwanaki ba zai gagari ƙaramar hukuma ba. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin turawa, don wanda aka ga tabo a bakinsa a ƙauye sai ya yi doguwar tafiya zuwa asibitin koyarwa a Kano, Zariya ko Sakkwato kafin a ɗebi naman a gwada.