Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A da, dukiyar kamfani tana cikin manyan littattafan lissafi da fayil-fayil, kuma abokan gabanta su ne gara da gobara. Yau kuwa sunayen masu bin bashi da waɗanda ake bi, da albashin ma'aikata, duk sun koma cikin kwamfuta. Saboda haka ya wajaba ga duk wanda zai riƙe ofis gobe ya san yadda ake tsare wannan dukiya.

Daga cikin dabarun da kamfanoni ke alfahari da su akwai ɗaukar hoton bayanai. Na'ura takan lura da yadda komai yake a kan faifai a wani lokaci, misali ƙarfe tara na safe, ba tare da ta kwafe shi duka ba. In an sake wani abu daga baya, sai ta adana tsohon yadda yake, sabon kuma ya zauna gefe. Shi ya sa hoton yake ɗaukuwa nan take, bai kuma cin wuri da yawa. Kamfanin NetApp ya shahara da wannan dabara tun shekarun 1990, Microsoft ya sa irinta cikin Windows, kamfanin Sun kuma ya fito da ita cikin tsarinsa na ZFS a 2005.

Amfaninta a fili yake. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan gigabait 300 na bayanai bisa kuskure. Da aka waiwayi ajiyar da aka dogara da ita, sai aka tarar ba ta aiki. Abin da ya cece su shi ne wani hoto da aka ɗauka awa shida kafin ɓarnar, don haka asararsu ta tsaya kan aikin awa shida.

To, amma fa a nan gizo ke saƙa. Hoton yakan zauna ne a kan faifan da asalin bayanan suke. In faifan ya mutu, ko ginin ya ƙone, da hoton da asalin duk sun tafi. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gidajen ajiyar bayanai na kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu da ajiyarsu ke wuri guda da asalin suka tashi a tutar babu. Haka nan ɓarayin da ke kulle bayanan mutane don neman kuɗin fansa sukan fara da goge hotunan nan ne.

Darasin Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Danmak, ya ishe mu. A watan Yuni 2017 cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta lalata na'urorinsa a duniya, asarar ta kai wajen dala miliyan 300. Kwafin da ya tsira na tsarin da ke ba ma'aikata izinin shiga, a wani ofishinsu na nesa aka same shi, domin an ɗauke wuta a can lokacin da cutar ta ɓulla. Ashe nisa da katsewa ne suka tsare shi, amma ba kamfanin da ya kamata ya dogara da irin wannan sa'a.

Ra'ayinmu shi ne, hoto kaɗai bai zama ajiya ba sai an kwafe shi zuwa wani wuri. Masana suna ba da shawarar kwafi uku, a kan ma'adani iri biyu, ɗaya kuma nesa da ofis. Bayan haka a riƙa gwada maido da bayanan lokaci-lokaci, domin ajiyar da ba a gwada ba alkawari ce kawai.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk ofishin da aka damƙa muku, ku tambaya tun ranar farko: ina kwafin yake, kuma yaushe aka gwada shi? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.