Ni Dai Aikin 'Yan Sanda Zan Karanta

Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kaɗan, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuwa ga babu inda ya dace in faɗe ta sai a wannan fili.

A farkon zangon nan malamin ajinmu ya ce kowa ya miƙe ya faɗi abin da zai cike a fam ɗin JAMB. Masu son aikin likita suka fi yawa, sai masu son lauya, sai injiniya. Da layi ya zo kaina na tashi na ce ni Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil zan nema. Sai ajin ya kaure da dariya. Wani ya miƙe ya ƙame ya sara mini, wani kuma ya dunƙule naira hamsin ya miƙo mini, wai in ɗaga masa hannu ya wuce. Bayan an tashi Malam ya kira ni gefe ya ce, "Kai da kake zuwa na uku a aji, me ya yi zafi haka?"

Ban ji haushin kowa ba, don na san dariyar nan tana da dalili. Ni kaina na fi yawancin masu dariyar sanin dalilin, domin a gidanmu abin ya faru.

Shekara uku ke nan da yayana ya karɓi buhunan shinkafa bashi wurin wani ɗan kasuwa. Ciniki ya karye masa, kunya ta sa ya tafi Legas neman abin da zai biya. Mai kaya ya kai ƙara caji ofis. Wata rana da asuba, Baba ya dawo daga masallaci ke nan, sai ga 'yan sanda biyu a ƙofar gida. Da suka ji ba ya nan suka ce to Baba ya zo su tafi, in ɗansa ya ji labari zai dawo. Ba su zage shi ba, ba su kuma taɓa shi ba. Kofur ɗin ma har rusunawa ya yi ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, umurni aka ba mu." Tsohon nan, wanda bai taɓa ko da musu da maƙwabci ba, sai da ya kwana uku a bayan kanta. Inna ta sayar da tunkiyarta da 'ya'yanta biyu, Kawu ya kai kuɗin beli, ya ƙirga su a ƙarƙashin wata takarda da aka manna a bango wadda ta ce beli kyauta ne. Tun daga ranar Baba ba ya son a ambaci ɗan sanda yana cin abinci.

Sai bara, a darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, na gane cewa duk abin da aka yi mana doka ta hana shi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce ba a kama mutum a madadin wani, ko ubansa ne ko matarsa. Ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, domin wannan magana ce ta kotu. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Mu kotu tana nan bayan kasuwarmu, ko kuɗin mota ba a biya. Ranar da na karanta wannan na kasa cin abincin rana. Na yi ta tunanin kofur ɗin nan mai ladabi. Na tabbata da za a tambaye shi, zai rantse aikinsa ya yi. Wanda ya ba shi umurnin kuwa, ko dai bai san doka ba, ko ya sani ya take. To, ni kujerar mai ba da umurnin nan nake so, in zauna a kanta da sanin abin da doka ta ce.

Raina aikin nan da muke yi ya samo asali tun da daɗewa. Kakana na wajen uwa ɗan doka ne a zamanin En'e. Inna ta ce abin da aka duba a jikinsa ranar ɗaukarsa shi ne tsawo da faɗin ƙirji, sai kuma wanda ya tsaya masa a fada. Aikin a lokacin shi ne kamo wanda bai biya haraji ba, da raka hakimi rangadi, da korar mutane daga hanya. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya kanta Turawa ne suka haɗa ta a 1930, daga ta Arewa da ta Kudu, don ta tsare musu mulki. Sai a 1964 aka sami ɗan ƙasa na farko, Louis Edet, ya zama Sufeto Janar. Bayansa Kam Selem na Borno ya riƙe daga 1966 zuwa 1975, a zamaninsa ne kuma aka shigar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, sa'an nan M. D. Yusufu na Katsina ya karɓa har 1979. Ko sunan da muka ba mai aikin ya nuna yadda muka ɗauke shi, watau mai riƙe da sanda. Shi ya sa har gobe in yaro ya gagari iyayensa, ko ya kasa jarrabawa, sai ka ji an ce a kai shi soja ko ɗan sanda. Mu ne muke tura wa aikin waɗanda muka rasa yadda za mu yi da su, mu ne kuma muke kuka in sun tare mu a hanya.

Da yawa daga cikinmu ba su san cewa makarantar nan ta Wudil jami'a ce ba. Tana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. An buɗe ta a 1988 don horar da hafsoshi, daga baya aka ɗaga ta ta zama mai ba da digiri, ta ɗauki ɗalibanta na farko a wannan tsari a 2013, suka fita a 2018. Ta hanyar JAMB ake shiga kamar kowace jami'a, sai an sami kiredit a Ingilishi da Lissafi, sa'an nan a yi jarrabawar makarantar, a auna tsawo, likita ya duba lafiya, a yi ganawa da mutum ido da ido. Maza da mata ake ɗauka, daga kowace jiha. Shekara biyar ake yi. Ana karanta shari'a, da ilmin zaman jama'a, da ilmin halayyar ɗan Adam, da aikin akanta, da kwamfuta, da kimiyyar binciken laifi, ga kuma fareti da horon aiki a gefe guda. Wanda ya gama yana fita da digiri da muƙamin Mataimakin Sufurtanda. Wanda bai sami Wudil ba yana iya karanta ilmin laifuffuka da tsaro a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko a jami'ar karatu daga gida ta NOUN, ya nemi aikin da digirinsa in an buɗe ɗauka.

Wani zai ce duk me ya kawo wannan dogon karatu, ba ɓarawo za a kama ba? Ai ɓarawon ne ya sake. Ɓarawon zamanin kakana katanga yake haurawa, a bi sawunsa da safe har ƙofar gidansa. Na yau yana kwance a ɗaki a wani gari zai bugo wa Inna waya ya ce daga banki ne, ta karanta masa lambobin katinta, kafin ta ajiye wayar ya kwashe kuɗin adashinta. Wane sanda ne zai kamo wannan? Sai wanda ya san yadda ake bin kuɗi daga asusu zuwa asusu, ya san yadda ake neman izinin kotu a duba bayanan layin waya. Mu 'yan makaranta ma ba mu manta da Ƙanƙara ba, inda a watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga ɗakunan kwanansu cikin dare. Masu irin wannan ta'asa suna da masu kai musu labari, da masu sayo musu mai da abinci, da masu ɓoye musu kuɗin fansa. Gano waɗannan aikin bincike ne da haƙuri da rubutu, bindiga sai daga ƙarshe.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, watau duka. Kowa a nan ya san abin da ake nufi in an ce an shiga da mutum ciki don ya faɗi gaskiya. Doka ta 2017 ta haramta azabtarwa, ta kuma sa hukuncin ɗauri a kan jami'in da ya aikata. Amma ni a ganina abin da ke sa ɗan sanda ya ɗauki kulki sau da yawa shi ne ba shi da wata dabara sai ita. Ba a koya masa ɗaukar zanen yatsa ba, ba a koya masa tsare wurin da aka yi laifi kafin jama'a su tattake shi ba, ba a koya masa yadda ake tambayar mutum har ƙaryarsa ta kama shi ba. Wanda aka daka kuwa zai amsa ko da satar da aka yi kafin a haife shi. In an je kotu lauya ya nuna tabon duka, alƙali ya yi watsi da maganar, shari'a ta lalace. In mai laifin ne ya tsira ke nan, in kuwa ba shi ba ne, na gaskiyar yana can yana yawonsa. Irin wannan ɗanyen aiki ne ya tara fushin da ya fashe a zanga-zangar EndSARS a watan Oktoba na 2020.

Abokina da muke kujera ɗaya ya kawo mini wata hujja wadda ban iya ture ta duka ba. Ya ce digiri ba ya maganin kwaɗayi, ai manyan da ake kai wa kason kuɗin shingen hanya ba jahilai ba ne. Gaskiyarsa. Ya ce kuma kurtun da ya yi 'yan watanni a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna ko ta Maiduguri shi ne talaka yake gani kullum, shi kuwa albashinsa bai kai shi ƙarshen wata, ga barikin da yake kwana ruwa na zuba. Wannan ma gaskiya ne, gyaransa kuma yana hannun gwamnati. Abin da na ce masa shi ne, kurtu abin da ya ga babbansa yana so shi yake yi. In mai riƙe da ofis ya ce ba a kama uba a kan bashin ɗa a nan, to ba za a kama ba. Mai ilmin da ya ci hanci kuwa ya san abin da ya taka, ba shi da bakin cewa bai sani ba ranar da aka tsayar da shi. Game da kwaɗayi, ban ce na fi kowa tsarki ba. Ina dai fata tarbiyyar da aka yi mini a gida ta bi ni can, kamar yadda za ta bi wanda ya zama likita ko alƙali, don su ma ana miƙa musu.

'Yan'uwana mata, ku ma maganar nan ta shafe ku. Yarinyar da aka ci wa mutunci, ko matar da miji ya yi wa rauni, da wuya ta iya buɗe baki gaban ƙato mai kaki. In ta sami mace 'yar'uwarta mai jin Hausa, wadda ta san doka, za ta faɗi abin da ya faru.

Ku kuma iyayenmu, ku gafarce ni in na yi tsaurin ido. Kuna so in ɗanku ya shiga hannu ya tarar da mai mutunci a ofis, amma kowa yana cewa ba ɗansa ba. To ɗan wa zai je? In duk masu ƙoƙarin aji sun tafi asibiti da banki, kada mu yi mamakin wanda za mu tarar a bayan teburin caji ofis. Na san tsoronku ba na banza ba ne, domin ana kashe 'yan sanda a bakin aiki, ana kuma iya tura mutum ko'ina a ƙasar nan, nesa da gida. Ni ma ina jin tsoron.

Da na gaya wa Baba niyyata shiru ya yi, ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Waɗanda suka kwana da ni a ƙasa kake so ka zama?" Na ce, "A'a Baba, wanda zai hana a kwana da kai nake so in zama." Bai amsa ba. Bayan kwana biyu ya aiko Inna ta ce mini in je in ji ta bakin Kawu, abin da Kawu ya yanke shi ke nan. Kawu kuwa ya ce in bari ya dawo daga Kano ranar Asabar mu zauna. Kafin nan dai na fara zagaya filin ƙwallo sau biyar kowace safiya, na kuma roƙi malamin Lissafi ya riƙa ba ni ƙarin aiki, domin a nan ne nake da rauni.