Kada A Zaunar Da Tsoho

A ƙasar Hausa yaro mai ladabi ba ya barin babba da kaya. In ya ga kakansa ya ɗauki buta, sai ya yi maza ya karɓa. In kakarsa ta ɗauki tsintsiya, sai ya ce, "Kawo, Kaka, ki huta." Wannan ɗabi'a ce kyakkyawa, ba mai kushe ta. Amma akwai gidajen da ake wuce gona da iri. Da zarar furfura ta rufe kan mutum, sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a hana shi taɓa kome. Daga safe har magariba yana wuri ɗaya. Mutanen gidan suna tsammani jinƙai suke yi masa, alhali kuwa rauni suke jawo masa.

Dalili kuwa shi ne, jikin ɗan Adam kamar fartanya yake. Wadda ake noma da ita kullum tana ƙyalli, wadda aka jingine a bayan rumbu ita tsatsa ke ci. A jikin babban mutum akwai ƙasusuwa 206 da tsokoki fiye da 600, kuma tsoka ce ke jan ƙashi ya motsa. Daga wajen shekara 30 tsoka takan fara raguwa kaɗan-kaɗan, in an wuce 60 raguwar ta ƙara sauri. To, in an haɗa tsufa da yawan zama, sai cinyoyi su saki, gwiwoyi su riƙe, tashi daga tabarma ma ya zama aiki. Mai irin waɗannan ƙafafu shi ke saurin faɗuwa. Ƙashin tsoho kuwa ba ya ɗoruwa da wuri, karaya ɗaya a ƙugu tana iya kwantar da shi har ƙarshen ransa.

Likitoci sun daɗe da gane amfanin motsi. A shekarar 1953 wani likita a Ingila, mai suna Jeremy Morris, ya bayyana abin da ya gano game da ma'aikatan motocin haya na birnin Landan. Manyan motocin garin masu bene ne. Direba yana zaune wuni zubur, shi kuwa kwandasta yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Da aka duba, sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi yi musu tsanani. Ga mota ɗaya, ga hanya ɗaya, amma mai kai da kawowa ya fi mai zama lafiya.

Ba wai ana nufin a sa tsoho faskare ko dakan sussuka ba ne. Motsi na sannu-sannu ake so, amma na kullum. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau kamar minti 30 a yini, kwana 5. Tafiya masallaci da ƙafa tana cikin lissafi. Haka zuwa kasuwa, da ziyarar 'yan'uwa, da share tsakar gida, da ban ruwan lambu, da kai wa tumaki harawa. Hukumar ta ƙara da cewa wanda ya kai shekara 65 ya riƙa yin abin da zai ƙarfafa ƙafafunsa, ya hana shi tangaɗi, aƙalla kwana 3 a mako. Wannan ba wuya. Sai ya zauna a kujera ya miƙe, ya sāke zama ya miƙe, ko ya dafa bango ya ɗan tsaya da ƙafa ɗaya. Da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya ya fi, ban da tsakar ranar bazara.

Wani zai ce, ai in aka ga tsoho da tsintsiya maƙwabta za su zagi 'ya'yansa. Lalle maganar mutane tana da zafi, amma ba ta kai zafin jinya ba. Wani kuma zai ce, ina wanda ba shi da lafiya? Shi wannan sai a fara kai shi asibiti, likita ya faɗi abin da zai iya. Kowane tsoho kuma, in ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin tafiya, ya tsaya nan da nan a nemi likita.

Motsi yana da abokan tafiya. Na farko rage gishiri, gama yawansa yana kawo hawan jini. Abin da ya halatta ga babba a yini bai kai giram 5 ba, watau kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙulen miya. Na biyu cin ganye irin su zogale da rama da alayyafo, tare da wake da gero. Na uku shan ruwa a kai a kai, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro. Na huɗu nisantar taba. Na biyar isasshen barci, da hira da mutane, gama kaɗaici ma yana karya jiki.

A cikin wannan duka ɗan makaranta yana da nasa aiki. Ya raka kakansa unguwa, ya rage sauri ya bi takunsa. Ya kawar da turmi da igiya da ɓawon ayaba daga hanya. Ya karɓi kaya mai nauyi, ya bar masa mai sauƙi. Sa'an nan ya kula da nasa jiki, ya sami kamar minti 60 kullum yana guje-guje, ko langa, ko ƙwallo, ko gaɗa, domin yawancin ƙarfin ƙashi a ƙuruciya ake tara shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsawon rai na Allah ne, ba mai ƙara wa kansa kwana ɗaya. Amma jiki amana ce a hannun mai shi, kuma tsohon da ke zuwa inda yake so da ƙafarsa ya fi wanda ake ɗagawa jin daɗin kwanakinsa.